An Sauya wa Tuwo Suna

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wata magana da take yawo a zamaninmu, a cikin littattafai, da wayoyin hannu, da bakin waɗansu masu ilimi. Suna cewa Zen ba addini ba ne, wai hanya ce kawai ta kwantar da hankali, kamar yadda motsa jiki yake hanyar ƙarfafa gaɓoɓi. Saboda haka, in ji su, Kirista yana iya tafiya taron keɓewa na Zen na kwana bakwai, ya zauna yadda aka ce ya zauna, ya rusuna inda aka ce ya rusuna, ya komo gida bangaskiyarsa ba ta ji ko ƙwarzane ba. 'Ya'yanmu da suke karatu a Turai da Amurka da Asiya suna gamuwa da wannan gayyata a allunan sanarwa na jami'o'i, waɗanda suke gida kuma tana iske su ta intanet. Ni kuwa ina cewa maganar nan ƙarya ce, tana kuma zaluntar mutum biyu a lokaci guda. Tana zaluntar Kirista, don ana kai shi wurin sujada ido rufe. Tana kuma zaluntar mabiyin Zen na gaskiya, don ana mai da abin da kakanninsa suka ba da ransu dominsa ya zama maganin gajiyar ofis.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka bari mu fara da abin da masu abin suke faɗi da kansu. Kalmar Zen lafazin Japanawa ce ta kalmar Sinanci Chan, ita kuma ta fito daga wata kalmar tsohon harshen Indiya mai ma'anar zurfafa tunani. Zen reshe ne na addinin Buda, wato koyarwar Siddata Gotama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ƙarnuka kafin haihuwar Ubangijinmu. Mabiyansa suna ba da labari cewa wani malami mai suna Bodidarma ya kawo wannan reshe ƙasar Sin, ya kuma yi shekara tara yana zaune yana fuskantar bango. Daga Sin ya ƙetara zuwa Japan. Eisai ya komo da ɗariƙar Rinzai a 1191. Dogen, wanda ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya komo da ɗariƙar Soto, ya gina haikalin Eiheiji a 1244, har yau kuwa ana horar da firistoci a can. Ɗariƙar Soto kaɗai tana da haikalai fiye da 14,000 a Japan, an kuma yi musu rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin addini ta 1951. In ka tambayi talakan Japan abin da firist na Zen yake yi a ƙauyensu, zai ce maka shi ne mai binne matattu, mai raɗa wa mamaci sabon suna, mai karatu a ranakun tunawa da kakanni. To, wane irin motsa jiki ne yake da haikali da firist da jana'iza?

Daga ina maganar nan ta "ba addini ba ne" ta fito? Tana da tarihi, ba ta kuwa tsufa ba. A 1893 aka yi babban taron addinan duniya a birnin Shikago na Amurka, wani shugaban Rinzai mai suna Soyen Shaku ya yi jawabi a wurin. Ka lura da wurin da Zen ya fara gabatar da kansa ga Amurkawa: taron addinai. Almajirinsa, D. T. Suzuki, wanda ya rasu a 1966, shi ne ya rubuta littattafai masu yawa da Turanci, ya nuna wa Turawa Zen a matsayin tsantsar farkawar zuciya wadda ta wuce iyakar kowane addini. Turawan da suka gaji da coci bayan yaƙin duniya na biyu suka karɓi wannan hannu bibbiyu, gama an ba su abu mai kama da ruhaniya wanda ba ya tambayarsu tuba. Daga baya, a 1979, Jon Kabat-Zinn, wanda shi ma ya yi zama a gaban malaman Zen, ya buɗe shirin mako takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts, ya cire sunan Buda da turare, ya bar zaman da lura da numfashi. Daga nan abin ya shiga kamfanoni da makarantu da wayoyin hannu. Tuwon nan dai shi ne na jiya, an sauya masa suna ne domin ya shiga kasuwar da ba ta son jin kalmar addini.

Yanzu bari mu leƙa cikin taron keɓewar kansa, wanda suke kira sesshin. Mafi girmansa shi ne wanda ake yi daga 1 zuwa 8 ga Disamba, domin tunawa da daren da suka ce Buda ya sami wayewa a gindin itace. Ana kaɗa ƙararrawa tun wajen ƙarfe 3 ko 4 na asuba. Ba magana, ba waya, ba haɗa ido. Mutum yana zama a kan matashi, ƙafafu a harɗe, wajen minti 40, a tashi a yi ɗan tafiya a hankali cikin layi, a sāke zama, haka har sa'o'i goma ko fiye a yini. Akwai mai zagayawa da sanda mai faɗi yana bugun kafaɗar mai gyangyaɗi. A waɗansu gidajen Rinzai ba a kwanciya barci sam a wannan mako. In da abin ya tsaya nan, da mun ce horo ne mai tsanani kurum. Amma a tsakiyar ɗakin akwai bagade, a kansa akwai siffa, da fitila, da fure, da turare. Mai shiga yana rusunawa, a lokacin hidimar safe kuma ana kai goshi ƙasa. Ana rera nassosin addinin Buda, ana jera sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya tun daga Buda har zuwa malamin wannan gida, ana kuma miƙa ladan karatun ga Budodi da kakanni da dukan masu rai. Ko abinci ma ba a cinsa sai an rera karatu a kansa. Kowane almajiri yana shiga wurin malami shi kaɗai, ya faɗi ƙasa a gabansa, domin malamin ya auna inda zuciyarsa ta kai. A ɗariƙar Rinzai ana ba shi tambaya wadda hankali ba ya iya warwarewa, irin ta Hakuin game da ƙarar tafi da hannu ɗaya, ya yi ta fama da ita dare da rana. Wanda ya daɗe a wannan hanya yakan kai ga bikin ɗaukar alkawari, inda zai furta cewa ya nemi mafaka wurin Buda, da koyarwarsa, da jama'arsa, a ba shi sabon suna, a rataya masa ɗan ƙyalle a wuya, a miƙa masa takardar silsila mai haɗa sunansa da na Buda da jan layi.

Ɗan'uwa, kai da aka yi maka baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ka duba wannan jeri da idon basira. Bagade, rusunawa, nassi, lada, silsila, alkawari, sabon suna. In wannan ba addini ba ne, to, me ya rage a duniya da za a kira addini?

Masu gardama suna da amsoshi, ya kuwa kamata mu saurare su da gaskiya. Ta fari, suna cewa Zen ba ya koyar da Allah Mahalicci, don haka ba addini ba ne. Gaskiya ne ba ya koyar da Mahalicci. Amma yana da amsa ga tambayoyin nan da kowane addini yake amsawa: mene ne mutum, me ya lalace a cikinsa, ta yaya zai kuɓuta. Amsarsa ita ce, abin da kake kira "ni" ba shi da tabbataccen tushe, wahala tana fitowa daga ƙawa da jahilci, mafita kuma ita ce ka farka ka ga ainihin halinka, wanda suke kira halin Buda. Littafi Mai Tsarki kuwa yana koyar da cewa an halicce ka cikin kamannin Allah, an san ka da sunanka, ciwonka zunubi ne, wato tawaye ga Mahaliccinka, maganinsa kuma jinin Almasihu ne wanda ba ka biya ko anini ba. Waɗannan amsoshi biyu suna tsaye a fage ɗaya suna ja da juna. Rashin Allah a cikin koyarwar Zen shi kansa koyarwa ne, yana kuma ƙara nisan da yake tsakaninmu.

Ta biyu, suna kawo labaran tsofaffin malaman Zen masu raina siffofi da littattafai, kamar wanda aka ce ya ƙone gunkin Buda na katako ya ji ɗumi a daren sanyi. Amma su wane ne suka adana waɗannan labarai shekaru fiye da dubu? Firistoci ne masu askakken kai, a cikin haikalai, waɗanda da gari ya waye sukan kunna turare su kai goshi ƙasa a gaban siffar nan. Annabawan Isra'ila ma sun tsauta wa jama'a a kan hadayu na banza, ba wanda ya ce saboda haka Ishaya da Amos ba su da addini. Dogen da kansa ya ƙi yarda a ɗauki zaman a matsayin dabarar samun wani abu. A koyarwarsa, zaman da wayewar abu ɗaya ne, mai zama yana bayyana halin Buda ne da jikinsa. Ashe wanda ya ce maka zaman ba shi da ma'anar addini, da Dogen yake gardama kafin ya zo kanmu.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi. Suna cewa, numfashi na Buda ne? Zama shiru mallakar Japanawa ne? A'a. Numfashi kyautar Allah ce tun daga ranar da ya hura shi a hancin Adamu. In likita ya ce wa mai hawan jini ya zauna ya ja numfashi a hankali, ba wanda ya yi sujada ga kowa. Manzo Bulus ya riga ya ba mu ma'auni a kan irin wannan, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 8 da sura 10. Naman da ake sayarwa a kasuwa, ya ce a saya a ci ba tare da bincike ba, gama duniya da abin da yake cikinta na Ubangiji ne. Amma zama a teburin haikalin gunki, wannan ya hana, domin mai ci a teburin ya zama abokin tarayyar bagaden. Jan numfashi naman kasuwa ne. Sesshin kuwa teburin haikali ne, ko da an shirya shi a otal, ko da an rubuta a takardar gayyata cewa kowane mai addini yana iya zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ta huɗu, suna nuna mana Kiristocin da suka bi wannan hanya. Akwai su. Hugo Enomiya-Lassalle, firist Bajamushe na ƙungiyar Jesuit, wanda ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, ya yi shekaru yana zama a gaban malaman Zen, ya kuma jagoranci irin wannan taro ga Kiristoci a Japan da Turai har kusan rasuwarsa a 1990. Ba na shakkar himmarsa, shari'ar zuciyarsa kuma tana hannun Allah. Amma ikkilisiyarsa ma ta ga dalilin yin gargaɗi. A ranar 15 ga Oktoba 1989, ofishin koyarwa na Fadar Batikan, a ƙarƙashin Joseph Ratzinger wanda ya zama Fafaroma daga baya, ya aika wa bishop-bishop wasiƙa a kan bimbinin Kirista, ya ambaci Zen da sunansa, ya kuma ja kunne cewa kada a ɗauki natsuwa da ɗumin da jiki yake ji a matsayin ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki. A namu gefen, marigayi Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, ya yi ta kira kafin rasuwarsa a 1975 cewa babban haɗarin da yake gaban ikkilisiyar Afirka shi ne garwaya bishara da wani abu dabam da sunan faɗin zuciya. Malaman Zen da kansu sun san cewa rashin barci da doguwar zama suna kawo gane-gane da jiye-jiye, har suna da suna dominsu, makyo, suna kuma ce wa almajiri kada ya kula su. In mai abu ya ce hasken da ka gani ruɗu ne, kai don me za ka kira shi wahayi?

Tarihi ma shaida ne. Sa'ad da Faransis Zabiya ya sauka a Kagoshima a 1549, ya yi abota da wani dattijon shugaban haikalin Zen mai suna Ninshitsu. Suna ganin girman juna, suna doguwar hira, abin da suke tattaunawa kuwa shi ne ko ran mutum yana wanzuwa bayan mutuwa. Dukansu biyu sun san cewa a kan addini suke magana. A 1614, da gwamnatin Tokugawa ta haramta bangaskiyar Kirista, wani firist na Rinzai mai suna Suden ne ya tsara rubutun dokar. Bayan haka aka tilasta wa kowane gida ya yi rajista a haikalin Buda, har da na Zen, ya karɓi takardar shaida cewa ba Kirista a cikinsa. Sai a 1873 aka sauke allunan haramcin. Ban kawo wannan don in ɗora wa mabiyan Zen na yau laifin kakanninsu ba, gama masu kiran sunan Almasihu ma sun zub da jini a tarihi. Na kawo shi ne domin 'yan'uwanmu na Japan da aka gicciye, aka ƙone, aka rataye su kai ƙasa a rami, sun san sarai cewa tsakanin addini biyu aka ce su zaɓa. In muka ce yau ba bambanci, mun ce sun mutu a banza ke nan.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Me ya sa saurayin da ya tashi a makarantar Lahadi yake jin ƙishin ɗakin da ba a magana? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Majami'unmu sun cika da ƙara. Lasifika a kan lasifika, janareta yana ruri a baya, mai jagorar addu'a yana ihu kamar Allah ya yi nisa ko ya kurumce. Abin da muke kira taron keɓewa sau da yawa taron cunkoso ne: masu wa'azi biyar a yini, rahoton kwamiti, neman gudummawar gini, rigimar abinci, mutum ya komo gida ya fi yadda ya tafi gajiya. In aka yi shiru na minti biyu a cikin sujada, sai mu ɗauka mai shela ya manta da abin da yake biye. Mun bar gonarmu ta zama saura, sa'an nan muna mamakin ganin 'ya'yanmu suna roro a gonar maƙwabci.

Gādon kuwa muna da shi. Ubangijinmu ya yi kwana 40 a jeji kafin ya fara hidima. Markus ya gaya mana a sura ta fari cewa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, a sura ta 6 kuma ya janye almajiransa daga taro domin su huta, don ko zarafin cin abinci ba su samu ba. Iliya ya ji muryar Allah a Horeb bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce. A nahiyarmu ta Afirka, a hamadar Masar, Antoni ya keɓe kansa domin addu'a, ya rasu a shekara ta 356, Pakomiyus kuma ya kafa gidajen masu zaman addu'a a bakin kogin Nilu, tun kafin a ji sunan Bodidarma a ƙasar Sin. Ba mu da bukatar aron shiru daga wurin kowa.

Sai dai shirun Kirista yana da alƙibla. Kalmar Ibrananci da take bayan bimbini a Zabura ta fari da Joshuwa sura ta fari tana nufin maimaita magana ƙasa-ƙasa, kamar kukan kurciya ko gurnanin zaki a kan abin da ya kama. Mai bimbini yana tauna Maganar Allah ne kamar yadda saniya take tuƙa. Yana yin shiru domin akwai Mai magana, yana jira domin akwai Mai zuwa. Ubangiji ya ba da misali a Matiyu sura 12 game da gidan da aka share aka gyara amma aka bar shi ba kowa, ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Zuciyar da aka kwashe kayanta tana bukatar mai gida, Mai gidan kuwa shi ne Almasihu.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. In an gayyace ka taron keɓewa, ko wane iri ne, ka yi tambaya kafin ka biya kuɗi: wa yake jagora, daga wurin wa ya karɓi izni, a gaban me za a rusuna, mene ne ma'anar abin da za a rera? In amsar ta kai ka ga bagaden da ba na Ubangiji ba, ka yi godiya cikin ladabi ka ƙi. In kana da abokin karatu ko abokin aiki mai bin Zen, ka girmama shi, ka ci abinci tare da shi, ka saurare shi, ka ba shi darajar kiran addininsa addini, sa'an nan ka gaya masa dalilin begen da yake cikinka. Ku kuma dattawa da fastoci da shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku sāke duba shirin taronku na gaba. Ku rage masu magana. Ku ware rabin yini wanda ba lasifika, ba waya, kowa da Littafinsa a gindin itace, da zabura ɗaya tak wadda zai yi ta maimaitawa har ta sauka daga kai zuwa zuciya. A gida kuma, minti 15 kafin yara su farka ya isa mafari. Wanda ya ɗanɗana wannan na wata guda zai san ko rijiyarmu ta ƙafe ko kuwa guga ne muka daina zurawa.

Ya Uba, kai da kake gani a ɓoye, ka koya mana mu rufe ƙofa mu zauna a gabanka. Ka tsare 'ya'yanmu a ƙasashen da suka tafi neman ilimi, ka ba su basirar rarrabe teburi da teburi. Ka sa wa ikkilisiyarka ta Japan albarka, ka kuma bayyana Ɗanka ga dukan masu nemansa cikin shiru ba su san sunansa ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.